Inda Zaki Ya Koma: Daga Kwarin Keita zuwa Gandun W

A ƙasar Adar, kamar sauran ƙasar Hausa, babu dabbar da ake ambato da girmamawa kamar zaki. Talaka in ya zo gaban sarki ya tuɓe takalmi ya durƙusa, «Zaki!» yake cewa. Maroƙi in ya so fasa kan mai sarauta, da sunan manyan dawa yake kiran sa. Tsohuwa in ta tara jikoki da dare, shi take naɗawa sarkin namun daji, ko da yake a ƙarshe Gizo ne ke cinye masa dukiya. Amma da malamin makaranta a Keita, ko Buza, ko Madawa, zai tambayi ƴan ajinsa wa ya taɓa ganin zaki, da wuya hannu ɗaya ya tashi; wanda ya ɗaga kuwa, in aka bi diddigi, a Yamai ya gan shi, cikin keji, a Gidan Tarihi na Bubu Hama. Sunan ya zauna a baki, mai sunan ya bar daji. A duk faɗin Nijar wuri guda ya rage inda zaki ke kwana a sake, yana neman abincinsa da kansa, shi ne gandun dajin W, can kudu maso yamma, a kan iyaka da Benin da Burkina Faso. Yadda aka yi ya tattara ya koma can, da yadda aka yi wurin ya zama nasa, tarihin mutane ne kafin ya zama tarihin dabba.

Ba da daɗewa ba, in da ma'aunin tarihi za a auna, zaki na yawo daga bakin teku a Sanigal har tafkin Cadi, babu shingen da ya tare shi. Bai ma tsaya a ƙasar ciyawa ba. Baturen nan ɗan Jamus, Heinrich Barth, wanda aka sani a ƙasar Hausa da sunan Abdulkarim, da ya ratsa duwatsun Abzin a 1850 ya tarar da zakoki a kwarurukan wurin, ya kuma lura cewa ba su da gezar kirki. To, in har Abzin mai duwatsu da ƙarancin ruwa ta ciyar da zaki, ina ga Adar da Maggiya masu fadamu da tafkuna? Tarihin baka na yankinmu, wanda masana irin su Djibo Hamani da Nicole Echard suka tattara a littattafansu na 1975, yana nuna ƙasa ce da daji ya fi gari yawa a cikinta. A labarin kafuwar garuruwa da dama mahalbi ne ke fara isowa. Ya biyo nama, ya tarar da ruwa, ya ƙulla amana da iskokin wurin, sa'an nan ya koma ya kira dangi su zo su sari gona. Sarautun Sarkin Baka da Sarkin Dawa da ake ji a fadoji har yau, waɗanda yanzu galibi na rawani ne kawai, a zamanin da aka ƙirƙiro su aiki ne na gaske, na sai wanda ya shirya.

Babu ranar da za a nuna a ce ita ce zaki ya yi ban kwana da Adar, domin ba a yaƙi guda aka ci shi ba. Zaki ba ya cin ciyawa, amma da ciyawa yake rayuwa: ita ke riƙe ɓauna da gwanki da barewa, su kuma su riƙe shi. Wajen 1891 annobar bushiya ta ratso daga gabashin Afirka ta share garkunan shanu, ta haɗa har da ɓauna da wasu namun daji masu kofato. Bayan ta Turawan Faransa suka iso da bindigogin da suka fi kibiya nisan zango, kuma da suka kafa ma'aikatar kiwo sai suka lissafa zaki da kura da dila cikin maƙiyan dukiya, aka riƙa barbaɗa guba a kan mushe don a rage su. Guba kuwa ba ta tambayar suna. Ungulu ma ta samu rabonta. Abin da ya fi duka, ko da yake shi ne mafi ƙarancin hayaniya, shi ne gatari da hauya. Da zaman lafiya ya samu bayan yaƙe-yaƙen ƙarni na 19, mutane suka sauko daga kan duwatsu, suka bazu, gonar wannan ta haɗu da ta wancan. Kwarin Keita, wanda tsofaffi ke ba da labarin tafkinsa da duhuwar da ta kewaye shi, ya yi ta sirancewa, har farin 1973 da na 1984 suka zo suka tarar da ƙasa tsirara, ruwan sama na kwarara daga kan fako yana yanka gonaki.

Kafin guba ta shigo akwai wata ƙa'ida tsakanin makiyayi da zaki da mahalbi, kuma an yi dace an ɗauki hotonta tana gab da mutuwa. Jean Rouch ya shafe shekaru, daga 1958 zuwa 1965, yana bin mahalban Gaw na Sanwai a wajejen Yatakala, inda iyakokin Nijar da Mali da Burkina suka haɗu, ya fitar da fim ɗinsa na farautar zaki da kwari da baka, wanda ya samu lambar yabo a birnin Venise a 1965. Abin da ya fi jan hankalina a fim ɗin ya wuce jarumtar masu harbi. Fulanin wurin ba sa ɗaukar kowane zaki a matsayin abokin gaba. Wanda ya kama saniya mara lafiya ya ci, sun yarda ya ɗauki rabonsa, har suna ganin ya tsare garke daga yaɗuwar cuta. Sai wanda ya kashe bai ci ba, wanda ya yi ɓarna don ɓarna, shi ake aika wa mahalba su zo su yi masa hukunci, su ma sai sun haɗa dafi da tsarki da sharuɗɗa, kuma in dabbar ta faɗi sai sun roƙe ta gafara. Mutanen da suka tsara wannan sun san zaki ɗaya bayan ɗaya, da sawunsa da halinsa. Akwai ma wanda suka laƙaba wa suna Ba'amurke, wanda ya yi ta kuɓuce musu. A yau babu zaki a Yatakala. Fim ɗin ya zama kamar takardar gado ta dukiyar da ta riga ta salwanta, kuma ina ganin ƙungiyoyin al'adu namu sun yi sakaci da ba su mayar da shi Hausa sun kewaya da shi makarantu ba.

Wanda ya tashi daga Keita da niyyar ganin zaki a dajinsa, tafiyar fiye da kilomita 750 ke gabansa. Zai sauka Tawa, ya bi ta Birnin Ƙonni da Dogon Dutsi da Doso, ya wuce Kure inda raƙuman dawa na ƙarshe a Afirka ta Yamma ke kiwo cikin gonakin Zabarmawa, ya shiga Yamai. Daga nan ya ƙetare kogi ya nufi Sayi, garin Alfa Mahamman Jobbo, inda Barth ya haye kogin a 1853, sa'an nan Tamu, sa'an nan Tapowa, ƙofar gandun, kimanin kilomita 150 daga babban birni. Tsakanin Sayi da Tamu matafiyi zai ratsa wani yanki mai suna da Bahaushe zai ji ya yi murmushi: «A yi noma». A 1962 aka keɓe dajin Tamu don ya zama garkuwa ga gandun W daga arewa. A 1976, bayan yunwar da fari ya jawo, gwamnatin Seyni Kountché ta yanke kusan rabinsa ta buɗe wa manoma da wannan kira. Talakawan da fari ya koro sun samu wurin tsugunawa, gaskiya ne, amma manyan filaye sun faɗa hannun ma'aikata da attajiran Yamai. Cikin ƴan shekaru abin da ya faru a Adar a tsawon ƙarni guda ya maimaita kansa a nan, a gaban idon mutum ɗaya. Daf da ƙofar gandun kuma akwai ƙauyen Moli Hausa, wanda aka sani da zuma. Ba yau Bahaushe ya san wannan daji ba: fataken goro da ke zuwa Gwanja sun daɗe suna ratsa ƙasar Gurma da Bargu, da jakunansu da madugunsu, suna hura wuta a zango don tsoron abin da ke gurnani a duhu.

Sunan gandun bai fito daga bakin kowa na wurin ba. Kogin Isa, wanda ƴan uwanmu na kudu ke kira Kwara, in ya iso nan yakan yi karo da duwatsun da suka miƙo daga Atakora, sai ya lanƙwasa ya sake lanƙwasawa, har ya zana siffar da Bature mai taswira ya ga ta yi kama da harafin W na boko. Ɓangaren Nijar hekta 220.000 ne, tsakanin kogin Tapowa a arewa da na Mekuru a kudu; in aka haɗa da na Benin da na Burkina abin ya kai kimanin murabba'in kilomita 10.000.

Littattafan yawon buɗe ido sun saba kwatanta wurin kamar dajin da ƙafar ɗan Adam ba ta taɓa takawa ba. Ƙasar da kanta tana ƙaryata su. A kwarin Mekuru masana tarihin ƙasa sun tsinci kayan aikin dutse na mutanen farko, da tarin kashin ƙarfe inda maƙera suka yi ta narka tama. Mai ido kuma ba ya bukatar tono. Duk inda ka ga kukoki sun yi cincirindo wuri guda cikin gandun, duba ƙarƙashinsu, sau da yawa za ka ga katangar tukunya da dutsen niƙa. Kuka abokiyar gari ce, mutum ke tara ta don miya da igiya. Kufai ne. Abin tambaya shi ne me ya tashi mutanen.

Abu na farko ƙudaje biyu ne. Ƙudan tsando, mai kawo ciwon barci ga mutum da sammore ga dabba, ya hana makiyayi kusantar bakin kogunan. Wani ɗan ƙaramin baƙin ƙuda kuma, mai hayayyafa inda ruwa ke gudu a kan duwatsu, yana ɗauke da cutar da ke makantar da mutum a tsakiyar ƙarfinsa. Garin da ya zauna kusa da ruwa, bayan tsara ɗaya ko biyu sai ka ga yara na jan iyayensu da sanda, daga nan sai ƙaura. Abu na biyu yaƙi ne. A ƙarni na 19 wannan daji iyaka ce tsakanin Gurmawa da Bargawa da Fulanin Sayi da Zabarmawa da Dendawa, kowa na kai hari yana kamun bayi, babu mai ikon riƙe ta. A Bumba, a gaɓar kogi daura da bakin Mekuru, aka kashe jarumin Zabarma Isa Korombe a 1896. Ƙasar da kowa ke tsoro ita ce ƙasar da nama ke ƙiba. Ashe zakin W ciwo da takobi ne suka yi masa gadi tun kafin a ɗauki gardin daji na farko.

Abu na uku shi ne alƙalamin Nasara. Tun a 1926 hukumar mulkin mallaka ta sa wurin cikin dazuzzukan da ta kira mafakar namun daji. A 1933 ƙasashen Turai masu mulkin Afirka suka sa hannu a London kan yarjejeniyar kare dabbobi da itatuwa, wadda ta zana siffar gandun ƙasa a matsayin wurin da ba a farauta, ba a noma, ba a zama. Dokar daji ta 4 ga Yuli 1935 ta ba gwamna ikon keɓe duk filin da ya ga babu mai shi, kuma a idon Bature filin da ba a gani da shuka a kai ba shi da mai shi, ko da saura ce, ko makiyaya, ko wurin tsafin kakanni. Mutanen da suka rage a ciki, irin na ƙauyen Natangu, aka tashe su aka tura bayan layi, suka bar kaburbura da kukokinsu. Ranar 4 ga Agusta 1954 aka ayyana W a matsayin gandun ƙasa. Nijar da ta samu ƴancin kai a 1960 ta gaji gandun da dokokinsa yadda suke, har da kakin gardi da bindigarsa. Ba na cikin masu cewa da an bar wurin a buɗe ya fi. Wanda ya ga abin da ya sami «A yi noma» ya san da yanzu ko gada babu. Sai dai bashi ne aka ci, ba a kuma biya ba, jikokin waɗanda aka kora suna nan a bakin gandun suna kallon Turawa na shiga da mota inda su in sun shiga da jaki sai tara.

Daraja ta zo daga waje. A 1987 aka sa gandun cikin wuraren dausayi masu muhimmanci na yarjejeniyar Ramsar, a 1996 hukumar UNESCO ta sa ɓangaren Nijar cikin kayan gadon duniya, a 2002 aka amince da ɓangarorin uku a matsayin yanki guda mai ƙetare iyaka. Daga 2001 Tarayyar Turai ta zuba kuɗi ta hanyar shirin ECOPAS, aka gyara hanyoyi, aka horar da ƴan rakiya daga ƙauyukan kewaye, aka kafa masaukai a Kare Kopto da Bumba don mutanen gari su ma su ɗanɗana. A 2017 aka faɗaɗa rajistar UNESCO ta haɗa W da gandun Arli na Burkina da na Panjari a Benin, fili mai faɗin hekta miliyan 1,7. Shekarun nan, daga farkon ƙarnin nan zuwa wajen 2015, su ne lokacin da ziyarar W ta fi sauƙi a tarihinta.

Ga yadda ziyarar take a wancan zamani. Ana buɗe gandun bayan damina, wajen Disamba, in hanyoyi sun bushe kuma ma'aikatan daji sun sa wutar farko ta cinye doguwar ciyawa. Ana rufewa in ruwa ya sauka. Baƙo ya biya kuɗin shiga a Tapowa, a haɗa shi da ɗan rakiya, domin ba a shiga ba da shi ba, ba a kuma yawo da dare. Tun asuba ake fita. Abin da ake fara gani gwaggon biri ne zaune a kan hanya kamar masu karɓar haraji, sai mugun dawa da wutsiya a miƙe, sai zabin daji. Can ka ga mariya da mazo da gwambaza kusa da ruwa, gwanki ya tsaya ya dube ka kafin ya juya, garken ɓauna ya ta da ƙura. Giwa ba ta ɓoyuwa, in ba ka gan ta ba ka ga rassan da ta kakkarya. A kogi akwai dorina da kada, da ayu wanda sai mai rabo. Tsuntsaye sun haura iri 350. Malamin da ya kai ɗalibai nan yakan tarar da cewa rabin sunayen da ke cikin karin magana da tatsuniya, waɗanda yara ke haddacewa ba su san siffarsu ba, ga su tsaye da ƙafafu huɗu.

Zaki kuwa, wanda aka yi doguwar tafiyar dominsa, shi ne mai wuyar gani. Yakan kwana mafi yawan yini cikin inuwa, launinsa ya saje da busasshiyar ciyawa, har mota ta wuce shi da taku ashirin ba wanda ya lura. Watannin Maris da Afrilu, lokacin da zafi ya ƙafar da ƙananan tafkuna dabbobi suka taru a kan ƴan ruwayen da suka rage, su ne suka fi ba da sa'a. Duk da haka baƙi da yawa sun dawo da sawu kawai, dunƙulen tafi a kan yashi wanda ɗan rakiya zai durƙusa ya karanta ya ce zakanya ce da ƴaƴa biyu, sun wuce kafin gari ya waye. Wasu sun dawo da murya. Rurin zaki yakan kai kilomita 8 a daren da iska ta kwanta, kuma wanda ya ji shi daga masaukin Tapowa, a ƙirji ya fara jin sa kafin kunne, ya gane dalilin da ya sa kakanninmu da suka nemi kalmar da za su gaida mai iko da ita ba su zaɓi giwa ba, duk girmanta. Wanda ya yi dacen ganin namijin kuma yakan ɗan yi mamaki, don bai yi kama da na hoton littafi ba. Na littafi zakin Kenya ne ko na Afirka ta Kudu, mai geza har ƙirji. Namu gezarsa kaɗan ce, wani ma kamar babu, daidai da abin da Barth ya gani a Abzin. Binciken ƙwayoyin halitta ya nuna zakin Afirka ta Yamma ya fi kusa da na Indiya da na Magrib da ya ƙare, a kan na gabashi da kudancin Afirka. Wato in ya tafi, ba za a aro wani daga Serengeti a ce an mayar da shi ba.

A 2014 Philipp Henschel da abokan aikinsa suka fitar da sakamakon binciken da suka yi na shekaru a manyan gandaye 21 na Afirka ta Yamma inda ake zaton akwai zaki. A huɗu kawai suka same shi: Niokolo-Koba a Sanigal, Yankari a jihar Bauci, gandun tafkin Kainji, da haɗakar W da Arli da Panjari. Duka-duka kimanin 400, manyan da suka isa haihuwa ba su kai 250 ba, kuma wajen 350 daga cikin jimillar suna cikin haɗakar nan tamu. Filin da ya rage masa kimanin kashi 1 cikin 100 ne kawai na inda ya taɓa mallaka. A 2015 aka sa shi cikin jerin dabbobin da ke bakin ƙarewa. Dalilan ba baƙi ba ne ga ɗan Adar. Yaƙin da aka fara da cutar makanta a 1974 ya yi nasara, alhamdu lillahi, maganin sammore ya wadata, sai ƙasar da ƙuda ya tsare ta buɗe. Auduga ta mamaye gefen Benin da Burkina. Makiyayan da gonaki suka toshe wa burtali a arewa ba su da inda za su kai shanu da bazara sai cikin gandun, in zaki ya kama saniya kuma babu sauran mahalbin Gaw da za a kira ya bambance mai laifi da mara laifi. Maganin ƙwarin auduga yana da arha a kowace kasuwa, cokali kaɗan a kan mushe ya isa ya kwantar da iyali guda.

Sa'an nan abin da ya fi wannan ya zo. A watan Mayu 2019 aka sace Faransawa biyu a gandun Panjari, aka kashe ɗan rakiyarsu. Ranar 9 ga Agusta 2020 aka kashe mutum takwas a Kure, Faransawa shida ma'aikatan agaji da ƴan Nijar biyu, direba da ɗan rakiya, a wurin kallon raƙuman dawa. A Fabrairu 2022 nakiyoyi suka hallaka mutum tara a ɓangaren Benin na W. A Janairu 2025 aka kashe sojojin Benin 28 a inda iyakokin ƙasashen uku suka haɗu cikin gandun, a Afrilu kuma wasu 54. Masu ɗauke da makamai sun gano abin da zaki ya daɗe da sani, cewa daji mai faɗi wanda babu gari a cikinsa, mai ƙofa a ƙasa uku, mafaka ce. Haka ya faru a Sambisa ta Barno, wadda ita ma gandun namun daji ce tun asali, haka a Kamuku da Kainji. Sun kuma tarar da tsohon bashin nan yana jiran mai karɓa: suka ce wa makiyayi da mafarauci da mai saran itace daji na Allah ne, babu gardi babu tara. Rufe iyakar Nijar da Benin bayan juyin mulkin Yuli 2023 ya ƙara raba ma'aikatan da ya kamata su yi sintiri tare. Hanyar Tapowa ta daina ganin motar ɗalibai. Wani zai ce ai yaƙi ne ya tsare zaki a ƙarni na 19, me zai hana ya sake? Bambancin shi ne mayaƙan wancan zamani da mashi suke, suna ratsawa su wuce. Na yanzu sun zauna, da bindiga mai sarrafa kanta da babur, kuma su ma nama suke ci.

Akwai inda aka taɓa kaiwa wannan gaɓa aka dawo. A dajin Gir na Gujarat, a Indiya, ƴan uwan zakinmu na jini sun ragu zuwa ƴan gomomi a farkon ƙarni na 20, sai sarkin Junagadh ya hana farautarsu. Ƙidayar 2020 ta sami 674, ta 2025 ta sami 891. A can makiyayan Maldhari na zaune da ɓaunayensu na gida cikin dajin da gefensa, in zaki ya kama dabba hukuma na biyan diyya, shi ya sa mai garke ba ya gaggawar neman guba. Ba sai mun je Indiya ba ma. Raƙuman dawan Kure 49 suka rage a 1996. Da aka sa manoman wurin cikin lissafi, da rance da rijiyoyi da aikin rakiya, suka haura 600, har a 2018 aka ɗebi takwas aka kai gandun Gadabeji a arewacin Dakwaro, maƙwabcinmu na gabas. Na san raƙumin dawa wake kawai yake sata, ba ya cin saniya, don haka sulhu da shi ya fi arha. Amma hanyar sulhun ɗaya ce.

Mutanen Keita sun fi kowa sanin cewa ƙasa na dawowa in an biya ta haƙƙinta. Furojen da aka fara a 1984 da kuɗin Italiya da hannun hukumar FAO, wanda mata ne suka ɗauki mafi yawan duwatsunsa a ka don abincin aiki, ya dasa itace kusan miliyan 18, ya tare kwazazzabai, ya mayar da fako gona. Wanda ya hau tudu ya dubi kwarin a ƙarshen damina ba zai yarda nan ne aka ɗauki hotunan 1984 ba. Sai dai daji irin wanda ke riƙe zaki wani abu ne daban. Iyali guda na zakoki a irin ƙasarmu na bukatar fili mai ɗaruruwan murabba'in kilomita, cike da manyan namun da za su ci duk mako, babu garke a tsakani. Tsakanin Keita da Buza da Madawa, inda kowace fadama ke da albasa kuma kowane tudu ke da mai shi, babu sauran wannan fili.